Talibambam a bayan gida: agogon da damina ke ajiye wa mutanen Karofane

Shamuwa ta dawo. Duk wanda ya tashi tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san abin da hakan ke nufi: bazara ta kusa ƙarewa, hadari zai fara haɗuwa daga gabas, masu binne sun riga sun kai iri gona suna jiran sama. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, shinge ya cika bakin fitilu, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗin da aka yi wata takwas ba a ji ɗuriyarsu ba suka hana gari barci. Kwana kaɗan bayan haka, yara a Karofane za su durƙusa a bakin ruwan da ya kwanta a bayan gida suna kamun talibambam da gwangwani.

Hotunan waɗannan abubuwa ne ke yawo a WhatsApp a farkon kowace damina, daga ƙauye zuwa Yamai, Abidjan, Legas da Tarabulus. Ɗan ci-rani ya gani, kewar gida ta kama shi, ya amsa da addu'ar Allah ya ba da damina mai albarka. Addu'ar ta dace. Amma a cikin hoton talibambam ɗin akwai wani labari da ba a cika karantawa ba. Talibambam agogo ne da ke nuna kwanakin da ruwa ya yi a kwance, kuma ruwan da ya daɗe har ya raini ɗan kwaɗo ya isa ya raini sauro. Ya kamata ganinsa a kusa da ɗakin kwana ya sa a ɗauki shebur, ganinsa a babban tabkin bayan gari kuma ya sa a kare tabkin.

Yadda agogon ke aiki

Yara kan ce kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. A gaskiya suna nan tun bara, ɓoye a cikin tsagar laka, gindin rijiyoyi, ƙarƙashin randuna da ramukan da ke da sauran danshi, kamar yadda gaiwa ke kwanciya a cikin busasshiyar laka tana jiran damina. Ruwa na sauka sai su fito, mazan su yi ta kuka suna kiran mata, a zuba ƙwai a ruwan da ya fi kusa. A zafin wannan yanki ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Talibambam ya fito da kai da wutsiya kawai, daga baya ƙafafun baya su tsiro, sannan na gaba, wutsiya ta shanye, ya bar ruwa. Dukan wannan kan ɗauki makonni.

Sauro ya fi shi sauri. Macen sauron da ke yaɗa masassara, wadda masana ke kira Anofilis, tana zuba ƙwai a saman ruwa, ya zama tsutsa, ya zama sauro mai tashi cikin kwana 7 zuwa 14 gwargwadon zafi. Lissafin a bayyane yake: idan talibambam ɗin da ke bayan gida ya riga ya fitar da ƙafafu, to da wuya a ce ruwan bai yaye sauro ko da zubi ɗaya ba, wani zubin kuma yana hanya.

Mutane da yawa sun ɗauka sauron masassara a cikin kwata da ruwan wanke-wanke yake hayayyafa. Waɗancan wurare sun fi raino wani nau'in dabam, mai damun mutane da kuka da cizo. Sauron masassara na wannan yanki ya fi son ruwan sama mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu, sawun tayar amalanke, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, kwatamin siminti da aka bari a buɗe. Irin ruwan da kwaɗi ke so ke nan. Mai son tabbatarwa ya ɗebi ruwan da farin kwano ya duba. Tsutsar da ke kwance a miƙe daidai da saman ruwa ta sauron masassara ce, wadda ke rataye kai ƙasa kuma ta wancan nau'in ce.

Akwai masu cewa a bar talibambam domin shi ke cinye tsutsar sauro. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don 'ya'yan burduddugi masu cin nama ne, suna cin tsutsotsi har da ƙananan 'yan uwansu. Sai dai yawancin talibambam gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, kuma sukan zauna da tsutsar sauro a ruwa ɗaya ba tare da sun taɓa ta ba. Ba za a danƙa musu tsaron lafiyar yara ba.

Abin da ke kan faranti

Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna ƙasashe huɗu ne ke da sama da rabin mace-macen masassarar cizon sauro a duniya: Najeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Nijar da Tanzaniya. Nijar kaɗai tana da kusan kashi 6 cikin 100, kuma akasarin waɗanda ke rasuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A jihar Tawa cutar tana bin damina sau da ƙafa. Ruwa ya sauka daga Yuni, likitoci su cika daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, yara da dama kuma suna fama da tamowa. Masassara a jikin yaron da bai ƙoshi ba ta fi saurin shanye jini.

Wannan yanki ya san yaƙin. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a tsawon damina a ƙasashen Sahel. A 2013 aka fara a Nijar, kuma Madawa da Buza na cikin gundumomin farko da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin tare da ma'aikatar lafiya. Shi ne abin da ake kira CPS, wanda yanzu ake rabawa gida-gida. A Satumban 2024 kuma Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar a Gaya da ke jihar Dosso. Waɗannan duka ci gaba ne na gaske. Sai dai magani, allura da sange duk suna tarar sauron ne bayan ya riga ya tashi. Ruwan bayan gida shi ne wurin da ake iya tarar sa tun yana tsutsa, kuma a nan aka fi sakaci.

Sauro ba shi kaɗai ba ne. Kududdufin da aka haƙa da rani don buga tubali yana da bango a tsaye kamar rijiya, idan ya cika ba a gane zurfinsa. Yaron da ya je kamun talibambam santsi ɗaya ya ishe shi. A daminar 2024 hukumomin Nijar sun ƙirga kusan mutum 400 da ambaliya ta kashe, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, sama da mutum miliyan ɗaya kuma abin ya shafa. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ya daɗe a kwance, ta shiga fatar yaro mai wanka, daga baya a ga jini a fitsari, har wasu su ɗauka alamar balaga ce.

Gidan da aka kulle aka tafi

Akwai wani sashe na matsalar da ya shafi 'yan ci-rani kai tsaye. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya bida, kuma shaidar guminsu tana tsaye a kowane gari: gidajen bulo da ake ginawa kaɗan-kaɗan, bana a kai linta, baɗi a yi rufi. Kowane irin wannan gini yana barin abubuwa biyu. Na farko kwatamin simintin da magina ke tara ruwa, wanda ake kira basan. Na biyu ramin da aka ɗebi ƙasa ko yashi. Aiki ya tsaya, mai gida ya koma Abidjan ko Sabha, aka sa kwaɗo a ƙofa. Damina ta zo ta cika basan da ramin, da tsofaffin gangunan da ke tsakar gida, ba mai shiga ballantana ya zubar. Maƙwabcin da ke da jariri a ɗaki shi ke karɓar abin da ke tashi daga can kowane dare, alhali ba shi da mabuɗi.

Ƙasashe masu arziki ma sun ɗanɗana irin wannan. A 2007, lokacin da rikicin bashin gidaje ya sa mutane barin gidajensu a Amurka, wuraren ninƙayar da ke bayan gidajen suka koma kore, suka zama matattarar sauro. Masu bincike sun danganta yawaitar cutar da ake kira West Nile a birnin Bakersfield na jihar Kalifoniya da waɗannan wurare. Bayan guguwar Katrina ta 2005 ma sai da aka riƙa zuba ƙananan kifaye masu cin tsutsa a wuraren ninƙayar da aka gudu aka bari a New Orleans. Mai pisin a unguwar masu hali a Yamai wanda ya daina zuba masa magani, da mai basan a Karofane, abu ɗaya suke kiwo.

Akwai ƙarin dalilin damuwa. Wani sauron masassara ɗan asalin Asiya, mai son tankuna da kwatamai na cikin gari, ya ɓulla a Jibuti a 2012, aka gan shi a Najeriya a 2020, sannan a Gana a 2022. A Jibuti, ƙasar da ta kusa rabuwa da cutar, masu kamuwa sun tashi daga 27 a 2012 zuwa sama da 70,000 a 2020. Shi wannan ba ya jiran damina, muddin akwai ruwan da aka tara ba murfi.

Baƙin mai ba magani ba ne

Idan sauro ya ishi mutane, abin da aka saba yi shi ne a karɓo baƙin man inji daga wurin mai gyaran babur a tuttula a ruwan, ko a zuba ragowar maganin feshin gona. Tsutsar sauro takan mutu, wannan gaskiya ne. Tare da ita talibambam ke mutuwa, da 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa waɗanda su ne ainihin masu cin tsutsar. Akuya ta sha, kaza ta sha, yaro ya shiga. Bayan ruwan sama biyu man ya wanke, sauro ya dawo ya tarar da ruwan babu abokan gabansa.

A kwarin Tarka abin ya fi muni. Arzikin wannan kwari, daga Karofane zuwa Madawa, ya dogara ne da ruwan ƙasa da ke kusa, wanda ake samu da gajerun rijiyoyi da burtsatsen hannu, ake ban ruwan albasar da ke tafiya har kasuwannin Abidjan da Akara. Abin da aka zuba a rami ba ya ɓacewa, ƙasa yake bi. Wanda ya zuba baƙin mai da damina yana iya tarar da shi a rijiyar garka da rani. Inda ruwa ya yi girman da ba za a iya cike shi ba, akwai maganin da ake kira Bti, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Yana kashe tsutsar sauro, ya bar kifi, kwaɗi da dabbobi. Wannan ne ya kamata jama'a su riƙa tambayar hukumomin lafiya a kansa.

Tabkin bayan gari dabam ne

Kada a fahimci wannan magana a matsayin kira ga yaƙi da ruwa. A yankin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, ruwan da aka tsare dukiya ce. Tarihin wannan yanki na kusa tarihin tsare ruwa da ƙasa ne. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya, a gundumar Buza, tare da ƙungiyar CARE, don tare iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita da tallafin Italiya da hukumomin FAO da PAM, inda mata suka ɗauki kaso mafi yawa na aikin dutse, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka farfaɗo da ƙasar da ta mutu. A 2005 aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Babban tabki yana shayar da garken Fulani da Buzaye, yana ciyar da rijiyoyi, yana ba da kifi da noman rani. A can talibambam alamar lafiya ce, domin fatar kwaɗo ba ta jure guba, kuma ruwan da kwaɗi suka ƙaurace wa abin tsoro ne. Kwaɗon da ya girma kuma yana cin ƙwari a gona da garka ba tare da an biya shi ba. Shi ya sa kwasar burduddugi buhu-buhu ana busarwa ana kai wa kasuwannin kudancin Najeriya, kamar yadda ake yi a wasu sassan Afirka ta Yamma, ya cancanci a sa masa ido kafin tabkuna su yi shiru.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ruwan da ke cikin unguwa, wanda ba mai sha, ba mai ban ruwa da shi, a cike shi ko a yi masa hanya. Ruwan da ake amfani da shi a gida a rufe shi, a juye shi a wanke mazubin duk mako. Ruwan da ke bayan gari a kiyaye shi daga mai, leda da bahaya. Yaran da ke jin tausayin talibambam ɗin ramin da za a cike su kwashe shi a bokiti, wani babba ya raka su su juye a tabki. Darasin kimiyya ne da ba ya buƙatar allo.

Masu ja da wannan magana

Za a ce a ƙauyen Sahel ramukan ruwa sun fi a ƙirga, sauro kuma yana tashi daga nesa, don haka cike rami ɗaya wahalar banza ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce yaƙi da tsutsar sauro ya fi tasiri inda matattarar ruwan ba ta da yawa, tana wuri ɗaya, kuma ana iya gano ta. A tsakiyar Agusta, lokacin da ko'ina ya zama ruwa, ba wanda zai iya bin kowane sawun kofato. Amma basan, ganga, tsohuwar taya da kududdufin unguwa duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. An san inda suke, an san masu su, ba sa motsi daga bara zuwa bana. A farkon damina kuma, kafin ruwa ya bazu, su ne ke fara tara wa sauro zuriya. Cike su ba zai maye gurbin sange ko CPS ba, ƙari ne a kansu, kuma ko sauro bai ragu yadda ake so ba, ramin da aka cike ba zai ci yaro ba.

Za a kuma ce talaka da kududdufi yake gini, kuma lokacin da ake wannan kira lokacin shuka ne da noman fari, ba mai rarar hannu. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ke nuna inda alhakin hukuma yake. Ƙaramar hukuma da masu gari suna iya ware wurin ɗibar ƙasa a bayan gari, su hana haƙa a tsakanin gidaje. Suna iya sa wa duk mai gini sharaɗin ya cike raminsa kuma ya kife ko ya huda basan ɗinsa kafin ya kulle gida. Tsohon kududdufin da ya fi ƙarfin shebur a kwantar da bakinsa, a kewaye shi da ƙaya. Sauran aikin gayya ce ta wuni ɗaya, kuma lokacinta bazara ne, kafin ruwan farko. Idan an makara bana, safiyar da ba a fita gona ba ta isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'ar wannan ƙasa sun taɓa cin irin wannan yaƙi. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina. Ba allura aka yi masa ba, ba ƙwaya. Tace ruwan sha da ƙyalle, hana mai ciwon shiga tabki, da sa idon mutanen ƙauye suka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi.

Saƙo ga masu aiko da kuɗi

Kowace damina ɗan ci-rani yana aiko da kuɗin iri, taki da 'yan ƙwadago ta Nita ko Amana. Watanni biyu bayan haka wayar tsakar dare takan zo: yaro ba lafiya, ana neman kuɗin mota zuwa Madawa ko Buza, ana neman jini. Kuɗin amalanke biyu ko uku na ƙasa da murfin ganga bai kai ko kusa da wannan ba, ballantana abin da kuɗi ba ya mayarwa.

Matasan da ke birni da ƙetare su ne ke da waya, ilmi da bakin magana a gida. Idan hoton ruwan farko ya iso, bayan barka da addu'a, akwai tambayoyin da suka kamata. Wa ke riƙe da mabuɗin gidan da ba a gama ba, kuma yaushe ya shiga? An rataya sange, ko yana cikin ledarsa, ko an kewaye tumatir da shi? Yara sun sha CPS na wannan wata har kwana ukun, ko na ranar farko kawai? Sannan a ce wa ƙane ya je bayan gida da waya ya ɗauko hoton ruwan daga kusa. Idan talibambam ɗin da ke ciki ya fara fitar da ƙafafu, kada a bari a kai Juma'a ba a cike ramin ba.